Na Je Gidimuni Hutu, Ba Wanda Ya Yarda

A ƙasarmu ta Magarya da Dungas, dalilan da ke fitar da magidanci daga gida sanannu ne, har yara sun haddace su. Ko ta'aziyya, ko biki, ko dubiya, ko cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko bin sawun wata takarda a Damagaram, ko cirani idan damina ta yi gardama. Duk wanda ya saɓa jaka ya ce ba ko ɗaya a ciki, to saura dalili guda, shi ne wanda ba a gaya wa uwargida. Ni kuwa, malamin lekol mai furfura a gemu, mai koyarwa a wani ƙauye cikin ƙasar Dungas, na tashi da bakina na ce zan je bakin ruwa in zauna in kalle shi. Aikin ke nan gaba ɗaya. In kalli ruwa.

Wani abokin karatuna ne ya ja mini. Tare muka yi koleji a Magarya, Allah ya yi abincinsa a Faransa yake, tun daga nan ya addabi zauren WhatsApp na 'yan ajinmu da hotuna. Na wannan karon daga wani gari ne wai shi Ansi, kusa da iyakar Suwizalan, kimanin kilomita 40 daga Janeba. A hoton ga tafkin garin, mai tsawon kusan kilomita 15, ruwan garau har ana hango tsakuwar ƙasa, tsaunukan Alp sun tsaya a bayansa da ƙanƙara a kawunansu. Ga mutumin namu a tsaye, hannu a aljihu, ya rubuta wai ya ɗan fita shan iska ne. Mutumin da na sani yana tallar rake a bakin hanyar Bande! 'Yan aji suka yi ta zuba masa Masha Allah. Ni ma na zuba tawa, amma abin ya tsaya mini a wuya.

Sai na ce, to mu ba mu da tafki ne? Kowace shekara da hannuna nake rubuta wa 'yan aji shida sunayen ruwayen Nijar a allo: Tafkin Cadi, Madarunfa, Tabalak, Gidimuni. Ina dukan tebur in yaro ya manta ɗaya, alhali ni kaina ban taɓa sa Gidimuni a ido ba, ga shi a jiharmu. Kuma ba ƙaramin wuri ba ne a takarda. A watan Disamba na 2019 aka shigar da shi, tare da na Madarunfa, cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Ita wannan yarjejeniya a 1971 aka sa mata hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran, wanda shi ma garin shaƙatawa ne a bakin Tekun Kasfiya, tsaunuka a bayansa. Ka ga masu kare tafkunan duniya ma sun san inda ake zuwa taro. Batun tsauni kuwa bai dame ni ba, tunda Damagaram cike take da duwatsu. Tafki a Gidimuni, dutse a Birnin Damagaram, tsakaninsu fiye da kilomita 60. Wannan tazara ba ni na sa ta ba.

Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, na sanar da uwargida bayan sallar isha'i.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"Wa ya haihu?"

"Ba kowa."

"To, Malam, wa ka sani a Gidimuni?"

"Ban san kowa ba. Shi ya sa ma zan je."

Ta yi shiru tana naɗe tabarma, ta naɗe ta tsaf, ta jingine. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Budurwa ce ko bazawara?"

Kafin hantsi magana ta kai gaban Inna. Ta sa aka kira ni, na durƙusa. Ta ce, "In aure za ka ƙara ka fito fili ka faɗa, ba haramun ba ne. Amma ka fara gyara rufin ɗakin nan da ke yoyo." Na rantse, na fito da waya na nuna mata hoton Ansi, na yi mata bayanin yadda Turawa ke barin gidajensu su je su zauna a bakin ruwa don hankalinsu ya kwanta. Ta daɗe tana duban hoton. Ta ce, "Su ba su da 'yan uwa ne?" Daga ƙarshe ta yanke hukuncin da ya rufa wa gidanmu asiri: duk wanda ya tambaya, a ce na tafi Damagaram kan maganar albashi.

To, a nan ne aka gama da ni. A Magarya in aka ji mutum zai shiga Damagaram, ya zama gidan waya. Gwaggo ta aiko da ƙullin daddawa da tiyar gyaɗa a kai wa 'yarta da ke aure a Garin Malam. Kawu ya kawo tabaransa mai ƙafa ɗaya a gyara. Maƙwabcina ya kawo zabi biyu masu rai, ƙafafu a ɗaure, wai na surukinsa ne a Zango, kuma in kula kada su sha rana. 'Yan fadarmu, da suka san gaskiyar inda za ni, suka yi mini dariya har shayi ya ƙone, sannan suka ce a taho musu da kifi. Liman ya ce ya ji dabinon Gidimuni ba shi da na biyu. Ita kuwa uwargida randar Miriya ta ce in sayo mata, kuma na fahimci manufarta: mutumin da ke rungume da randa ba ya zuwa zance.

Ni ma na yi shirina. Na sayi malafa mai faɗi, da baƙin tabarau, da wata falmaran ta gwanjo mai aljihu ko'ina, har a baya. Na ɗauki sabon littafi da biro don in rubuta abin da zuciyata za ta raya mini a bakin ruwa.

Hanyar Magarya zuwa Damagaram, kilomita 90 da 'yan kai ta Bande da Dogo, ba abin da zan ce a kanta sai dai zabin nan sun kwance tun kafin mu kai Dogo, kuma wata Hajiya da ke gabana ba ta yafe mini ba har muka rabu.

Rabon saƙo ya cinye wunin. Duk gidan da na shiga sai an kawo fura, sai an tambayi lafiyar mutanen Magarya ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu bara, sai kuma an ba ni wani ƙullin in mayar. Na shiga Damagaram da kayan mutane, na wayi gari da kayan da suka fi su. Sai da la'asar sakaliya na samu na sulale Birni don in cika rabin burina, wato hawan tsauni.

Duk wanda ya san Birni ya san duwatsun nan manya masu sulɓi da suka yi ɗaiɗai a tsakanin gidaje, wani kan wani, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram. A kan irinsu Faransawa suka kafa barikinsu bayan sun shigo a 1899, kuma daga garin nan suka mulki Nijar har 1926 da suka mayar da babban birni Yamai. Na zaɓi wani dutse da na ga awaki a kansa, na ce abin da akuya ta hau ba zai gagari mai takardar shaidar malanta ba. Hawan bai yi wuya ba. Na kai ƙololuwa ina haki, na gyara malafa, na juya don in ga birnin shimfiɗe a ƙarƙashina. Hazon hunturu ya rufe komai. Abin da na gani shi ne rufin wani gida, da wata mata tana shanyar kuɓewa, ita ma ta gan ni, ta ja mayafi ta fara kiran maigidanta.

Saukowa ita ce magana. Takalmina na fata ne mai santsin ƙasa, na ranar Juma'a. Duk inda na sa ƙafa sai ta nemi tafiya ba da ni ba. Yara suka taru a ƙasa, kowa da shawararsa. Wani ɗan ƙarami, da bai wuce aji biyu ba, shi ya kawo mafita: "Baba, cire takalmin ka jefo, ka zauna ka ja gindi." Haka aka yi. Na sauko a zaune, yara na tafi, wandona ya bar wani yanki nasa a tarihin Damagaram. Mai riƙe da takalmin bai sake shi ba sai da na ba shi dala ashirin.

Da safe na kama motar Gure, babbar hanyar da ke miƙewa har Diffa. Mun wuce Miriya, kilomita 18 daga Damagaram, na hango tukwane da randuna na kau da kai. A wani shinge jami'i ya karɓi katina ya tambaye ni abin da zai kai ni Gidimuni. Na ce hutu. Ya ce, "Wurin wa?" Na ce wurin tafki. Ya dubi falmaran, ya dubi tabarau, ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Wani dattijo a motar ne ya cece ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙyale shi, malamin lekol ne." Nan take aka miƙo mini katin, da alamar tausayi.

Sai dai fa gani ya kori ji. Gidimuni tana da kyau, kuma ba irin kyan da zan yi wasa da shi ba. Ka taho cikin busasshiyar ƙasa, kara da ƙaya da jan rairayi, kwatsam sai ƙasa ta faɗa kwari, sai ga kore shar. Dabino a tsaitsaye, gonakin rake, mangwaro, rogo, fangalin albasa da kabeji da tumatir, sannan a tsakiya ga ruwan kwance yana ƙyalli a cikin hazo, tudun rairayi na leƙensa ta sama. Ruwa ne da ba ya ƙafewa da rani, domin ba da ruwan sama kaɗai yake rayuwa ba, daga ƙarƙashin rairayin nan yake tsattsafowa. Balbelu sun yi fari a kan itatuwa, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a gefe, garken kirinjijiya na tashi suna fito suna komawa. Filin da aka yi wa rajista hekta 338 ne. Na yi lissafi a tsaye, halin malami, na ga tafkin Ansi mai murabba'in kilomita 27 ya ninka shi wajen sau takwas. Amma a Ansi ba rake.

Na nemi gindin wani dabino na zauna, na buɗe littafi, na cire murfin biro. Wani tsoho na kusa yana saran wata doguwar ciyawa da ta fi mutum tsawo, ta cika bakin ruwan maƙil. Don in nuna ladabi na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi sunanta. Ya ce kacalla. Na rubuta: kacalla. Ya dubi biron, ya dubi aljihunan falmaran, ya ajiye lauje ya ce in jira shi yana zuwa.

Bai dawo shi kaɗai ba. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a gabana, an kawo kujera, an ɗora shayi. Labari ya zaga gari cewa ɗan proje ya sauka. Wani dattijo da suka ce shi ne babban masu lambu ya yi gyaran murya ya fara. Kacalla ta ci bakin tafki, ta toshe wuraren da masunta ke jefa taru, ta zama gidan sauro da maƙwancin tsuntsayen da ke cinye gero. Rairayi na gangarowa kowace shekara yana binne lambuna. Injin ban-ruwa ya yi tsada, mai ya yi tsada, irin kabeji ya yi tsada. Tumatir na ruɓewa kafin a sami mota. Mata suka aiko da wakiliyarsu kan maganar bashin jari.

Na miƙe na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni malamin lekol ne daga ƙasar Dungas. Hutu na zo."

Aka yi dariya mai daɗi, irin ta waɗanda suka gane wasa. Dattijon ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Manya ba sa faɗa." Na rantse da Allah. Wani ya ce, "Ka ji tawali'u." Na fito da katin aikina, aka karɓa aka zagaya da shi, aka dawo mini da shi da girmamawa, wani na raɗa wa na kusa da shi cewa ai dole su riƙe irin wannan saboda masu roƙo. A wajensu lissafin a fili yake: ba mai hankalin da zai biya kuɗin mota daga Magarya don ya zo ya kalli ruwan da su suke wanke ƙafa a ciki. Ko dai ɗan proje ne, ko mahaukaci. Sun zaɓa mini wanda ya fi mutunci.

Da na yi shiru da abin ya tsaya nan. Amma malami ba ya ganin taro ya ƙyale. Sai na ji bakina na ba su labarin yadda kacallar nan ta addabi mutanen Hadeja da Nguru, da yadda ta mamaye kwarin kogin Senegal bayan an gina madatsar Diyama a 1986, saboda ciyawa ce mai son ruwa marar gishiri, marar zurfi, wanda ba ya janyewa. Na ce saranta a sama ba ya kashe ta, domin saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka, sai an yanke ta a ƙasan ruwa ta nutse. Na ƙara da cewa a Muritaniya har gawayi ake yi da ita. Wurin ya yi tsit. Dattijon ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji malamin lekol." Aka sake fashewa da dariya. Daga nan aka fara jero mini bukatu a tsanake, ni kuma na yi ta rubutawa, don ba ni da fuskar da zan rufe littafi a gaban dattawa. Na tambayi yaron da ke zuba shayi ko akwai otel a garin, ya ce baƙon gari ba ya kwana a otel. A zauren mai unguwa na kwana, bayan tuwo da miyar kifi da ba zan manta da su ba, da kuma wasu mutum biyu da suka biyo dare da tasu maganar ta sirri.

Da asuba na sulale bakin ruwa kafin a farga. Sanyi na yanka, hazo ya kwanta a kan tafkin, ba kowa sai wani masunci da ɗansa suna fitar da tarwaɗa da karfasa daga mali. Na ga damata ta zo. Hoto ɗaya nake so, ni a tsakiyar ruwa, in aika wa na Faransa. Na tambayi kwalekwale, ya ce ya tafi ƙetare, sai dai gora. Wato ƙatuwar gorar nan da masunta ke kifa ciki a kai, su yi ta tuƙi da hannu da ƙafa. Na sha ganin ana yi, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi shi sauƙi a ido ba.

Masuncin ya ce, "Malam, ka iya ruwa?"

Na ce na tashi a bakin Korama. Gaskiya ne, a bakinta na tashi. Ciki ne ban taɓa shiga ba.

Na tuɓe falmaran, na miƙa wa yaron waya na nuna masa inda zai danna. Na kifa ciki a kan gora, uban ya ɗan tura ni. Na tafi salin-alin, har na fara gyara fuska. Da na ɗaga hannu ɗaya don in yi wa kyamara alama, sai gora ta ce ba da ita ba. Ta mirgina, sama ta koma ƙasa. Na rungume ta kamar yaron da aka zo yi wa kaciya ya rungume ƙafar kakarsa, ta sake juyawa da ni, na sha ruwan Ramsar na ƙoshi. Na yi kalmar shahada da ƙarfi, na kira sunan Inna, na yafe wa duk wanda nake bi bashi, abin da nake so in janye yanzu a rubuce. Cikin wannan hali na ji muryar masuncin, ba gaggawa ko kaɗan a cikinta:

"Malam, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan a cibiya ya tsaya mini. Malafata na tafiya ita kaɗai wajen kacalla.

Yaron kuwa ba hoto ya danna ba, bidiyo ya ɗauka, tun daga kifa ciki har miƙewa. Kuma da yake ɗan zamani ne, kafin in gama matse riga ya tura wa yayansa don kada abin ya ɓata.

Mutanen Gidimuni ba su rage mini daraja ba saboda wannan. Cewa suka yi na shiga auna zurfin laka ne. Da zan tafi suka rako ni bakin hanya da ƙullin busasshen kifi da damin rake wanda sai mutum biyu suka ɗora shi a mota. Na ce a bar shi, suka ce raini ne. Dabino kuwa ba lokacinsa ba ne. A kudu maso gabashin Nijar dabino kan haihu sau biyu a shekara, ni kuma na iya zuwa a tsakani. A kasuwar Dole ta Damagaram na sayi busasshen dabinon Aljeriya na kai wa liman, ya ci ya lumshe ido ya ce lallai ƙasar Gidimuni daban ce.

Na sayi randa a Miriya, na rungume ta har gida. Karen mota ya caje ni kuɗin rake daidai da na fasinja. A Bande, inda rake ke jibge a bakin hanya har ana rasa mai saye, masu talla suka kewaye motar, suka hango damin da ke sama, suka tambayi na wane ne. Aka nuna ni. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, daga ina aka kawo mana wannan?" Na ce daga Gidimuni. Ya kira sauran su zo su ga mutumin.

Bidiyon ya riga ni isa Magarya. Na tarar da uwargida a tsakar gida da maƙwabta, waya a hannu, hawaye na zuba don dariya. Ta karɓi randa ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Na yarda ba mace." Inna ta ce a yi sadaka. A fada yanzu ba mai kirana Malam, sai Sarkin Ruwa, kuma duk wanda ya makara a kan tabarma sai a ce masa miƙe tsaye. Mura ta kwantar da ni sauran kwanakin hutun, an rufe ni da bargo, ana kawo mini kunun kanwa, ba mai aike na ko'ina. Ban taɓa hutawa irin wannan ba tun da na fara aiki.

Littafin nan yana nan a akwatina, bai jiƙe ba, kuma abin da ke ciki gaskiya ne: shafin farko kacalla, na biyu rairayi, na uku injin ban-ruwa. Babban masu lambu ya karɓi lambata, duk Juma'a sai ya kira ya gaishe ni ya tambaya ko takardun sun fito daga Yamai. Don Allah, mai karatu, in ka san ɗan proje na gaske, ka turo shi ya karɓi littafin.